Maigidana ya kawo mara lafiya gida, ni ke jinya, shi ake yabo

Maman Tagwaye:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Akwai mai gadin layinmu a nan Kaduna, tsoho ne mutumin Nijar, daga wajen Tawa, ya fi shekara 10 yana gadi. Musulmi ne, ba ruwansa da kowa, yarana Baba suke ce masa. Tun damina ya fara tari yana ramewa, har wata safiya maigidana ya tarar da shi kwance a rumfarsa ba ya iya tashi. Bai shawarce ni ba, ya ɗauko shi ya sa a ɗakin da ke bakin ƙofarmu. Asibiti suka ce tarin fuka ne. Yau wata biyu da sati ɗaya ke nan.

Maigida yana fita tun ƙarfe 6 na safe, sai dare. Ni ke dama kunu, ni ke wanke kwano da zanin gado, ni ke zubar da majina, ni ke tashi tsakar dare in tari ya sarƙe shi. Ɗinkina ya tsaya, masu kaya sun fara zuwa suna karɓe yadinsu. Kuɗin makarantar babbar 'yata na zangon nan ya tafi a ƙarin ruwa da abinci da kuɗin mota. Lahadin da ta wuce aka tsayar da maigidana gaban jama'a aka ce ga Basamariye na kirki, aka yi tafi. Ina zaune a bencin mata hawaye ya zubo mini, na kusa da ni suna tsammani na murna ne. Ba na ƙin tsohon nan, Allah ya sani. Amma raina yana ɓaci, in na durƙusa addu'a sai in ji kamar ni ce firist ɗin nan na misalin Basamariye, wanda ya ga mai rauni a hanya ya ratse ya wuce. Zunubi nake yi? Kuma sadaukarwar nan da ake koya mana, tana da iyaka ko ba ta da ita?

Matar Fasto:
Wayyo 'yar'uwa, sannu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kafin kowa ya fara jawo aya, ni dai in ce miki: wadda ta ratse ta wuce ba ta san warin ɗakin mara lafiya ba. Ke kin sani.

Anti Nas:
Maman Tagwaye, bari in fara da aikina, sauran magana ta biyo baya. Shekarar tagwayen nawa? In ba su kai 5 ba, ki kai su inda ake ba tsohon magani a duba su, akwai maganin kariya da ake ba ƙananan yaran da ke gida ɗaya da mai tarin fuka. Ke da maigida da babbar ma a gwada ku. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata 6 ake sha, kada ya tsallake ko kwana ɗaya ko da ya ji sauƙi, domin yanke magani shi ke haifar da irin tarin da ba ya jin magani. Tunda ya cika wata biyu, lokacin sake gwajin majina ya yi. Taga ta zauna a buɗe, rana ta shiga ɗakin. Wanda ya yi makonni yana shan magani daidai, haɗarin ya sa wa wani ya ragu ƙwarai, don haka ki kwantar da hankali, amma a duba yaran.

Maman Tagwaye:
Shekararsu 4, Anti. Ba wanda ya gaya mini zancen maganin yara. Na gode.

Ɗan Kakuri:
Ni zan faɗi abin da wasu ke tunani suna jin nauyin faɗa. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, amma tun ba ma iyalin bangaskiya ba. Gwauraye nawa ne a ikilisiyarku ba su da na cefane? Marayu nawa? An bar su an ɗauko wani daga waje, har kuɗin makarantar yarinya ya tafi. Ina mutanensa? Ina masallacin da yake salla? Ni a rikicin Fabrairu 2000 na rasa wana a garin nan, ban ga gawarsa ba har yau. Kada wanda ya zo ya koya mini tausayi.

Ɗalibin Kagoro:
Yaya Ɗan Kakuri, Ubangiji ya ta'azantar da kai, ba ni da bakin magana a kan rashinka. Amma a kan tambayar Mama, ni ban ga iyaka a Littafi ba. Filibiyawa 2 ta ce Almasihu, yana cikin surar Allah, ya wofintar da kansa, ya ɗauki surar bawa, ya yi biyayya har mutuwa ta gicciye. Romawa 5:8 ta ce ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, ba bayan mun gyaru ba. Yohanna 15:13 ta ce babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. In rai ma ana bayarwa, mene ne kuɗin zango ɗaya? Ku tuna yadda bishara ta iso mana. A 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Da sun zauna suna lissafin iyaka, da ba mu nan muna wannan hira. Maximilian Kolbe, fada ne ɗan Folan, a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz a 1941 ya fito daga layi ya ce a kashe shi a madadin wani fursuna. Wannan shi ne addininmu. Mama ki daure, ladanki yana sama.

Matar Fasto:
Ɗana, kana da aure?

Ɗalibin Kagoro:
Tukuna, Mama.

Matar Fasto:
To ka sake karanta abin da ka rubuta. Duk waɗanda ka lissafa, ran wa suka bayar? Nasu. Mutumin da Kolbe ya tsaya a madadinsa, ai kuka ya yi yana kiran matarsa da 'ya'yansa, shi ya sa Kolbe ya ce shi ba shi da iyali, a ɗauke shi. Wato ya mutu ne domin wani gida ya tsaya. Mutumin kuwa ya rayu har 1995. A nan fa an ba da barcin wata, da sana'ar wata, da karatun wata yarinya, kuma ba a tambayi ko ɗaya cikinsu ba.

Baba Dattijo na Wusasa:
'Ya'yana, na gaishe ku. Idona ba ya son waya da dare, amma wannan magana ta hana ni kwanciya. Na koyar da makarantar Lahadi shekaru masu yawa, kuma labarin Basamariyen nan na Luka 10 muna yanke shi a tsakiya, mu bar rabin da ya fi shafar Maman Tagwaye.

Ku bi shi a hankali. Mutum yana gangarowa daga Urushalima zuwa Yariko, hanya ce ta kusan kilomita 27 cikin duwatsu, 'yan fashi suka tuɓe shi suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya gani ya ratse. Balawe ya gani ya ratse. Basamariye ya gani ya ji tausayi. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, nasa ne. Ya ɗaure su. Ya ɗora shi a kan dabbarsa, wato shi ya taka da ƙafa. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa da hannunsa. Har nan kowa ya sani. To kashegari fa? Ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya ce ka kula da shi, abin da ka kashe fiye da haka in na dawo zan biya ka. Dinari ɗaya lada ne na aikin yini guda, kamar yadda muke gani a Matiyu 20. Sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa.

Kun ga akwai mutum na biyu a cikin jinyar nan, mai masauki. Shi ya ɗauki sauran kwanakin, shi ya wanke, shi ya ciyar. Basamariyen bai jibge masa mara lafiya ya tafi a yi masa tafi ba. Ya yi magana da shi, ya biya shi, ya ɗauki alkawarin abin da zai ƙaru. 'Yata, ke ba firist ba ce, ba Balawe ba ce. Ke ce mai masaukin, kuma ba a ba ki dinari biyunki ba. Ɓacin ranki ba a kan tsohon yake ba, a kan rashin adalci yake, kuma Allah bai taɓa kiran wannan zunubi ba.

Mijinki ya yi abu mai kyau ranar da ya ɗauko mutumin nan. Ba zan rage masa ko kaɗan ba, da yawa cikinmu da mun wuce mun ce Allah ya sawwaƙe. Amma ya yi rabin farko ya manta da na biyu. Dauda ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji hadayar da bai biya kome a kanta ba, 2 Sama'ila 24:24. Yesu kansa ya ce ba mai karɓe ransa, shi ke ba da shi don kansa, Yohanna 10:18. Hadaya sai da yardar mai bayarwa. Abin da aka ɗora wa mutum ba da saninsa ba, kaya ne.

Maman Tagwaye:
Baba, na karanta sau uku. Ban san abin da zan ce ba. Ubangiji ya ƙara maka kwana.

Ɗalibin Kagoro:
Baba na karɓi gyara, Mama ki gafarce ni, na yi saurin baki. Amma ina jin tsoron abu ɗaya. In muka ce sai an yarda, sai an biya, sai an shirya, ba za mu buɗe wa kanmu ƙofar gudu ba? Firist ɗin ma ai yana da hujja, wataƙila yana tsoron ƙazantuwa da gawa. A makaranta an nuna mana cewa kalmar da Luka ya yi amfani da ita ta tausayi, a Helenanci daga kayan ciki ta fito, abin da ke juya wa mutum ciki. Ita ce a Luka 7 da Yesu ya ga gwauruwar Nayin za ta binne ɗanta, ita ce a Luka 15 da uba ya hango ɗansa ɓatacce ya sheƙa da gudu. Irin wannan tausayi ba ya jiran taron kwamiti.

Baba Dattijo na Wusasa:
Gaskiyarka ɗana. A bakin hanya ba a taro, ɗauka ake yi. Amma wata biyu ba bakin hanya ba ne. Yau kwana 60 da ɗoriya mutumin nan yana da damar ya zauna da matarsa ya ce, na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, yaya za mu yi? Kuma tausayin da ya juya masa ciki a kan mai gadi, me ya hana ya juya masa a kan matar da ke tashi ƙarfe 2 na dare a ɗakinsa?

Ɗan Kakuri:
Duk kun kauce wa tambayata. Ban ce a bar shi ya mutu a rumfa ba. Na ce me ya sa kullum mu ne za mu ba da, su kuwa?

Katikis daga Yola:
Ɗan'uwa, ban kauce ba, ina neman yadda zan faɗa ne ba tare da na taɓa maka miki ba. Ka ce su kuwa. A watan Yuni 2018, a Nghar Yelwa cikin Barikin Ladi, da aka kawo hari, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya fita ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙonsu, har ya ce su ɗauki ransa a madadin na mutanen. Wannan ba labarin da aka ƙirƙira ba ne, duniya ta ji, an ba shi lambar yabo a Amurka a 2019. In Yesu yana ba da misalin nan a Filato a yau, wa kake gani zai sa a matsayin Basamariye? Ka tuna Yahudawa ba sa cuɗanya da Samariyawa, Yohanna 4:9 ta faɗa. Da gangan Ubangiji ya zaɓi mutumin da masu sauraro ba sa so su ji an yaba. Har masanin Attauran da Yesu ya tambaya wane ne ya zama maƙwabcin mai raunin ya kasa furta sunan Basamariye, sai ya ce wanda ya yi masa jinƙai.

Mu kuma a nan, a 2014 da mutane suka gudo daga Michika da Madagali da Mubi, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa. Ana rabon abinci ba a tambayar sunan mutum balle addininsa. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da aka gina wa waɗanda ba su iya komawa ba, a Sangere Marghi, da makaranta da coci, har da masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kirista sun ji zafin masallacin nan ƙwarai, sun faɗa a fili. Ni ma da fari na yi gunaguni. Amma mutanen da suka sha yunwa tare shekara 7, da wace fuska za ka ce wa wasunsu ku je ku nemi inda za ku yi ibada?

Ɗan Kakuri:
Liman ɗaya ne. Waɗanda suka kashe wana ba ɗaya ba ne.

'Yar Garkida:
Yaya, ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Oktoba 2014 aka ci hedkwatarmu a Kwarhi, yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yan ikilisiyarmu ne. Na yi gudu a daji da goyo. Don haka ba daga kan kujera nake maka magana ba. Ba zan ce ka yafe yau ba, ni ma akwai ranakun da nake farawa daga farko. Abin da zan tambaye ka shi ne, tsohon nan da ke tari a ɗakin Maman Tagwaye, shi ne ya kashe wanka? Shekara 10 yana kwana a waje cikin sanyin hunturu don su yi barci.

Akwai labarin da ake ba mu tun muna yara, na wani mai bi a ƙasar Holan, Dirk Willems, a 1569. An kulle shi saboda bangaskiyarsa, ya tsere, ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai binsa ya fi shi nauyi, ƙanƙara ta fashe da shi, yana nutsewa yana ihu. Dirk ya riga ya tsallake. Ya juyo ya ciro shi. Aka kama shi a wurin, aka ƙone shi da wuta. Da ina yarinya haushin labarin nake ji, ina cewa me ya sa bai gudu ba. Sai da na girma na gane bai tsaya tunani ba ne, ya ji muryar mutum yana mutuwa. Ayar da ka kawo ma, da kowa ta fara kafin ta zo kan iyalin bangaskiya.

Mai Bishara:
Ni ina ganin hannun Allah a nan. An kawo miki rai har gida. Mama, kina karanta masa Kalma? Kada ya warke ya tafi bai karɓi Yesu ba, in ba haka ba wahalar ta zama banza.

Maman Tagwaye:
Yana jin muna addu'ar safe da yara, wani lokaci yakan ce amin. Shi ma in ya samu ƙarfi yana sallarsa, ni ke ajiye masa ruwa a buta. Ban matsa masa ba.

Rabaran mai ritaya:
Kin yi daidai 'yata. Mai Bishara, na san zuciyarka, amma kalmar banza ɗin nan ka janye ta. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya kaɗai ya dawo, bai karɓe lafiyar sauran 9 ba. A Matiyu 25 ya ce ina jin yunwa kuka ba ni abinci, ina baƙo kuka saukar da ni, ina ciwo kuka kula da ni. Bai ce kuka sa ni na tuba ba. Mutumin da ba ya iya tashi, yana cin abincinka, yana kwana ƙarƙashin rufinka, in ka matsa masa zai ce to don kunya, kai kuma ka rubuta a rahoto. In ya tambayi dalilin da ya sa ake masa haka, a gaya masa gaskiya ba ɓoyewa, saboda Yesu ne. Amma kunu ba ƙugiya ba ne.

Tun farkon ikilisiya da haka aka san mu. A shekara ta 362 Sarki Juliyan na Rum, wanda ya bar bangaskiya ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na gumaka yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida.

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Ni Musulmi ne, ƙanwar mahaifiyata ce ta sa ni a zauren nan, yawanci karatu kawai nake. Ku yi mini izini. Kakata ta yi jinyar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, lokacin 'yan mishan ne ke riƙe da wurin. Sun yi mata wa'azi, ba ta ɓoye mana ba, kuma ta rasu tana Musulma. Amma har ta koma ga Allah ba ta yarda a zagi Kirista a gabanta, takan ce lokacin da danginta ke miƙo mata abinci daga nesa, wata mata ce ta riƙe ƙafarta ta wanke. Maman Tagwaye, Allah ya saka miki da alheri. Kuma Ɗan Kakuri yana da gaskiya a abu ɗaya, nauyin nan namu ne mu ma. 'Yan Nijar mazauna garin nan sun san junansu, suna da shugabanninsu. Ki turo mini sunan garinsu ta akwatin sirri, gobe bayan la'asar zan zagaya in nemo mutanensa.

Ɗan Kakuri:
Malam, na gode da ka faɗi haka.

Anti Nas:
Bari in ƙara kan maganar Baba Dattijo daga ɓangarenmu, don ana yawan ce wa ma'aikatan jinya Kirista in kun sa safar hannu ko kun nemi hutu, bangaskiyarku ta yi ƙasa. A nan Jos muna da tarihin da ba ma mantawa. A 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa, aka kawo ta asibitin mishan na Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Penny Pinneo ta kamu, aka kai ta Amurka ta rayu, a can aka gano ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin Lassa yau. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa don ta gane abin da ke kashe mutane, ta rasu. Matan nan sun ba da ransu, ba na wasa da sunansu. Amma ba wanda ya ce a girmama su ta hanyar barin kariya. Darasin da aka ɗauka shi ne a kare mai jinya, domin in ta faɗi, marasa lafiya sun zama biyu. Ubangiji da kansa ya ce wa almajirai su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, Markus 6:31, don ko sukunin cin abinci ba su samu ba. Maman Tagwaye, yaushe rabonki da barcin awa 6 a jere?

Maman Tagwaye:
Ban iya tunawa ba, Anti.

Matar Fasto:
To ni yanzu da ikilisiya nake. Mun iya tafi. Tsayar da mutum a gaba a yaba masa ba ya cin ko sisi. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni ba su ce wa masu gunagunin ku tuba ba. Sun zaɓi mutum 7 suka danƙa musu aikin. Ina Zumuntar Mata? Ina Zumuntar Maza? Ina matasa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma namiji ne mara lafiyar, wankansa da juya shi ai aikin maza ne, bai kamata a bar wa matar aure ba, shi kansa tsohon na tabbata kunya tana cinsa. Maman Tagwaye, ki gaya wa shugabar Zumuntarku a fili. Mu mata muna da halin cewa ba komai alhali akwai komai.

Rabaran mai ritaya:
Kuma zancen makarantar yarinya ba ƙarami ba ne. 1 Timoti 5:8 tana da zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Bulus ma da yake tara gudummawa ya ce ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba, 2 Korantiyawa 8:13. Yarinyar nan in ta zauna a gida zango guda tana kallon ƙawayenta suna tafiya, me za ta koya game da tausayin Kirista? 'Yata, ki zauna da mijinki cikin natsuwa, ba gaban yara ba, ba da faɗa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maman Tagwaye:
'Yan'uwa, na dawo bayan kwana 4. Daren Litinin na miƙa wa maigida wayar na ce ya karanta da kansa. Ya daɗe a kan rubutun Baba Dattijo. Bai ce komai ba, ya fita tsakar gida ya zauna. Da asuba na ji motsi, ashe shi ne yake wanke zanin gadon tsohon kafin ya tafi aiki. Daga baya ya ce mini shi a ganinsa tunda ban yi magana ba, lafiya lau ne, kuma ranar da aka yi masa tafi ya ji kunya amma bai san yadda zai ce a tsaya ba. Ya ce ranar Lahadi zai nemi dattawa.

Malam na Tudun Wada ya cika alkawari. Jiya mutum 3 suka zo, ɗaya ɗan ƙanen tsohon ne, ashe yana sayar da shayi a wata unguwa bai san halin da ake ciki ba. Ya yi kuka. Zai riƙa kwana da shi. Sun so su tafi da shi gida, na gaya musu abin da Anti ta ce game da yanke magani, suka yarda ya zauna har ya gama. Da suka tashi tafiya tsohon ya kira ni, ya ce shi ba shi da abin ba ni, ya ciro 'yar rediyonsa ya ce a ba tagwaye. Na karɓa don kada ransa ya ɓaci.

Ban ce komai ya warware ba. Ɗinki bai dawo ba, makaranta kuma sun ba mu zuwa ƙarshen wata.

Ɗan Kakuri:
Nawa ne kuɗin makarantar? Ki turo mini ta sirri. Na yarinyar zan biya rabi. Na tsohon ban iya ba tukuna, zuciyata ba ta kai can ba, kada in yi ƙarya.

'Yar Garkida:
Sauran rabin a raba mana, ni da duk mai niyya.

Ɗalibin Kagoro:
Ba ni da kuɗi, amma ina hutu a Kaduna sati biyu. Zan iya kai shi karɓar magani.

Anti Nas:
An kai tagwayen?

Maman Tagwaye:
Alhamis aka ba mu, ƙarfe 8 na safe, ni da su da babbar. Ɗan ƙanen nasa yana fita shayi tun asuba, maigida kuma ba a ba shi izini a wurin aiki ba. Akwai wanda zai iya zama da Baba daga 8 zuwa 12?

Ɗalibin Kagoro:
Zan zo 7 da rabi, Mama. Ki nuna mini inda kofinsa da maganinsa suke kafin ku fita.